Alƙalamin da ya fita zakka: me ake nufi da outlier, kuma me ake yi da shi?

Ɗalibar lissafi, Yamai: Assalamu alaikum malamai. Kalmar outlier na yawan fitowa a takardun ƙididdiga, a Faransanci kuma valeur aberrante. Wanda duk ya saba aiki da alƙaluma ya taimaka: yaya ake gane shi, kuma goge shi ake yi?

Malamin ƙididdiga, Yamai: Wa alaikumus salam ƴata. A Hausa sai mu ce alƙalamin da ya fita zakka, wanda ya yi wa ƴan uwansa nisa ta sama ko ta ƙasa. Sunan Faransancin yana ruɗar ɗalibai, don yana sa a ɗauka kuskure ne kullum, alhali ba haka ba ne. Nisa kawai kalmar ke nunawa, ba ta faɗi dalili ba. Ana ma faɗinta a kan mutum ko gari da ya bambanta da saura.

Ga hanyar da masanin ƙididdiga John Tukey ya fitar a 1977. Misali a ce farashin tiyar hatsi a kasuwanni takwas, da sefa: 130, 600, 625, 650, 650, 675, 700, 725. Ki jera su, ki raba biyu. Tsakiyar rabin ƙasa 612,5, tsakiyar rabin sama 687,5, tazararsu 75. Ki ninka tazarar sau ɗaya da rabi, 112,5 ke nan. Ki cire ta daga na ƙasa, ki ƙara ta a na sama: shinge ya tsaya daga 500 zuwa 800. To 130 yana waje. Ki duba ɓarnarsa: ya ja matsakaici zuwa 594, amma adadin tsakiya na nan a 650 bai motsa ba. Excel na iya ba ki shinge ɗan daban, don lissafinsa na rubu'i, wato tsakiyar rabin ƙasa da ta rabin sama, ba iri ɗaya ba ne, kada wannan ya dame ki.

Mai tattara farashin kasuwa, Tawa: Malam, Allah ya ƙara sani. Wannan 130 ɗin ba sai an je nesa ba, dala ce, wadda kowace ɗaya sefa biyar ce. Ɗan kasuwa ya ce dala ɗari da talatin, mai rubutu ya sa 130 bai ninka da biyar ba. A ninka, 650 ya fito. Duk farashin da ya yi kashi ɗaya cikin biyar na saura, a fara zargin dala. Sai ma'auni: wani ya rubuta kuɗin tiya, wani na kilo, wani na buhu, duk a layi ɗaya. Buhun albasa ma ba girmansa ɗaya ba daga kasuwa zuwa kasuwa. A kira wanda ya cike takardar a ranar, tun bai manta ba.

Ma'aikaciyar awon yara, Tawa: A wajenmu abin ya fi nauyi, ƙanwata, don bayan kowane alƙalami akwai yaro. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya tana sa alama idan makin nauyi bisa tsawo, wato makin da ke nuna nisan awon yaro daga na tsaransa, ya wuce 5 sama ko ƙasa, na tsawo bisa shekaru kuma 6. Tsarin SMART na binciken tamowa ya fi tsanani, 3 daga matsakaicin binciken kansa. Yawanci waƙafi ne ya faɗi, kilo 8,5 ya zama 85, ko an sa tsawo a gidan nauyi, ko an rubuta shekaru a gidan watanni. Akwai kuma 99 ko 999 da ake sawa idan ba a samu amsa ba, kwamfuta ta lissafa su kamar awo ne. Amma idan zagayen dantse ya nuna milimita 98 kuma nauyi ya yi ƙasa sosai, awo biyu sun yarda da juna. Nan a koma gidan a sake awo, a tura yaron likita ranar nan, domin duk abin da ya gaza 115 tamowa ce mai tsanani.

Malamin ƙididdiga, Yamai: Gaskiyarki Hajiya. Ƙari ɗaya: dokar nan ta nisan ninki uku na ma'aunin warwatsuwa (écart-type) daga matsakaici ba ta aiki a kan alƙaluma kaɗan. In ba su kai goma sha ɗaya ba, babu wanda zai iya tsallake ta komai nisansa, don shi kansa ne ke kumbura ma'aunin da ake auna shi da shi.

Mai aikin awon ruwa, Yamai: A ruwa wanda ya fita zakka shi ake nema. A Satumban 2020 kogin Isa ya kai wajen santimita 700 a Yamai, alhali jan layi 620 ne, unguwannin bakin kogi suka cika. Wanda ya goge wannan awo ya tsara datsiya, gajera zai gina. Ruwan sama kuma a Sahel yana iya zuba a ƙauye ɗaya ya bar maƙwabcinsa, saboda haka tashar da ta nuna milimita 90 ita kaɗai ba lalle ta yi ƙarya ba. A duba ko an zubar da ruwan ma'aunin kowace safiya, ko ruwan kwana uku ne aka rubuta a rana ɗaya. In an gyara, a bar asalin alƙalamin a layinsa, a sa gyaran a gefe da dalili da kwanan wata.