Me za mu kira "botanical garden" da Hausa?

Malamai da 'yan uwa, ku taya ni neman wata kalma. Ina rubutu ne kan wani fili da ke Baitalami a Falasɗinu, inda Farfesa Mazin Qumsiyeh da matarsa Jessie suka kafa cibiyar nazarin halittu a ƙarƙashin Jami'ar Baitalami a 2014. A can ana renon tsirran ƙasar, ana rubuta sunan kowanne, ana kawo 'yan makaranta su gani. Turawa na kiran irin wannan wuri botanical garden.

Lambu na fara rubutawa, sai na goge. Bahaushe in ya ji lambu, albasa da tumatir da latas yake gani a bakin fadama, kayan da gobe za a kai kasuwa. "Lambun shaƙatawa" kuma ya fi nisa, wurin shan iska ne.

Kafin a zaɓi suna, a duba abin da wurin ke tsarewa. A 1977 Isra'ila ta sa za'atar na daji cikin tsirran da aka hana tsinka, ganyen nan mai ƙamshi da Falasɗinawa ke dakawa da riɗi, su dangwali burodi a man zaitun su dangwala a ciki. A 2005 aka ƙara da akkub, wata shuka mai ƙaya da mata ke ferewa su dafa. An ce kare su ake yi, amma waɗanda tara ta faɗa wa su ne mutanen da kakanninsu suka tashi da cin ganyen. Ƙauyukan Falasɗinawa na Imwas da Yalu kuwa, bayan an rushe su a 1967, an shuka itatuwa a kan kufansu, aka sa wa wurin suna Canada Park. Mulkin 'yan kama-wuri-zauna yana ƙwace ƙasa, ya kuma canza mata kama har jikan mai ita ya kasa gane ta. Wanda ya reni tsiron ƙasar da sunan da kakarsa ke kiransa, shaida yake ajiyewa.

Wani dattijo ya ba ni shawarar "rumbun tsirrai". Na so ta, sai dai rumbu busasshen hatsi ake zuba masa, nan kuwa abu ne mai rai da ake ba ruwa.

Gandu ya fi kwanta mini, ko da yake yana da tabo. Gandun daji a wajenmu Turawan mulkin mallaka ne suka shata, suka hana talaka shiga. Amma gandu ya girmi Bature. Gandun gida gonar gado ce, uba da 'ya'ya ke noma ta tare, kuma ba mai sayar da ita shi kaɗai. Wannan ma'anar nake nufi.

Sai na haɗa shi da iri. Iri shi ne abin da manomi ke ɓoyewa ko yunwa ta matsa, shi ne nau'i, shi ne kuma tsatso. Don haka na tsaya a kan "gandun iri". Abin da Turawa ke kira biodiversity kuma, maimakon "bambancin halittu" da kan sa mutum ya zaci rarrabewa ake magana, sai mu ce "yalwar iri".

Damuwata ɗaya, kada manoma su ɗauka gonar da ake fitar da irin shuka na sayarwa ce. Ku na Damagaram da Maraɗi da Katsina, ya kalmar ta faɗo muku a kunne?