Horar da masu kula da yaran da ke fusata har su yi ɓarna

Malamar Reno: Jama'a, za a horar da sababbin ma'aikatan gidan marayu kan yaran da ke duka da fashe-fashe in sun fusata. Da me za a fara?

Baban Yara: Malama, da kwantar da hankali. Ma'aikaci ya ja baya taku biyu, ya sassauta murya, a fitar da sauran yara. Kada a tambayi yaron dalili lokacin, ba ya saurare, sai ya huce.

Hajiya Uwargida: Ƙanwata, a ajiye littafi na sati biyu: me ya faru kafin yaron ya fusata, me ya yi, me ya biyo baya. Sau da yawa yunwa ce, ko canjin ma'aikaci.

Baban Yara: Haramun a danne yaro rub da ciki, numfashi na iya ɗaukewa.