In shiga kwaleji a Janairu ko in jira shekarata ta cika?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. A watan Maris na iso New York da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka, muna Bronx ni da maigida da yara biyu. Aikin kula da tsofaffi a gida nake yi, amma burina karatun nas ne. Na duba kwalejojin shekara biyu na CUNY, jami'ar birnin New York, sai na tarar kafin a caje ka kuɗin ɗan gari sai ka cika wata 12 a jihar kafin ranar fara aji. A Janairu wata goma zan yi. Ɗan gari dala 2,400 yake biya a zango, baƙo kuma 320 kan kowane kiredit (ma'aunin nauyin kwas), ka ga kiredit 12 ya kama 3,840. Difloma gare ni daga gida, ba digiri ba, shekaruna 31. In rufe ido in biya, ko in haƙura sai Agusta?

Ɗan Zongo: Wa alaikumus salam. Hajiya, mai bizar ɗalibi ko shekara goma ya yi kuɗin baƙo zai biya, kada kowa ya ruɗe ki.

Maman Hanifa: Malam, girin kad na ce.

Na Bakin Teku: Wane irin 320? Ni dala 46 nake biya kan kowane kwas-yunit. An cuce ki ko kin karanta ba daidai ba.

Anti Nas: Kai kana Kalifoniya, kowace jiha da farashinta. Ko 46 ɗin ma na ɗan gari ne. Ƙanwata, lissafinki daidai ne. Ni zan ce ki jira. Shiga kwaleji daban, shiga sashen nas daban. Sai kin gama kwasa-kwasan share fage, musamman na sanin sassan jiki, da maki mai kyau kafin su duba ki. Ki cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, tun yanzu, mai girin kad ya cancanta. Tallafin Pell yana kaiwa 7,395 a shekara, gwargwadon abin da gidanku ke samu.

Baban Yara: Pell! Ku bar ni da Pell ɗin nan. Ni ma haka aka zuga ni, wai kyauta ne. Na ɗauki kwas huɗu a wata kwaleji, ba zan kama suna ba, ina tuƙin tasi da dare ina zuwa aji da safe. Sati na shida na fara gyangyaɗi a kan sitiyari, na ce rai ya fi takarda, na daina zuwa. Ban je ofis na sanar ba don ba wanda ya ce min ana sanarwa. Bayan wata biyu sai ga wasiƙa wai ana bina bashi. Ashe in ka janye kafin ka cinye kashi 60 cikin ɗari na zangon, sai an mayar da wani ɓangare na tallafin, makaranta kuma ta juyo kanka. Na je na yi bayani har sau uku, matar ofis kallon kwamfuta kawai take yi. Suka toshe min rajista sai na biya. Shekara guda ina biya kaɗan-kaɗan, ga haya, ga na gida suna kira. Karatun da ban yi ba na biya wa kuɗi.

Anti Nas: Allah ya mayar da alheri Alhaji, amma wannan ai ba laifin Pell ba ne.

Baban Yara: Ke da kika gama kina karɓar albashi dole ki faɗi haka. Wanda ya sha wuta shi ya san zafinta.

Anti Nas: Da goyo na yi nawa karatun, ina aikin dare. Shawarar wanda ya gama za a bi ko ta wanda ya gudu a sati na shida?

Ɗan Zongo: A kawo ruwa, Bronx ta kama da wuta 😂

Ummu Sadik: Ku yi haƙuri. Maman Hanifa, ni abin da na ji wa tsoro kafin in shiga shi ne shekaruna da hijabina. Ranar farko sai ga ni kusa da wata kaka 'yar Dominika, gabana ɗan Bangaladash, bayana 'yar Gini muna gaisawa da guntun Faransancina. Ba mai kallon kowa, duk daga wurin aiki muke, duk a gajiye. Ki tambayi shirin ASAP na tallafa wa ɗaliban CUNY, sun taimaka min da kuɗin jirgin ƙasa da na littattafai, kuma akwai mai ba ka shawara da ke bibiyarka. Tun 2025 ma jihar ta fara biya wa 'yan shekara 25 zuwa 55 marasa digiri kuɗin kwaleji a wasu fannoni, har da nas. Shi ma sai mazaunin jiha.

Na Bakin Teku: To mai digiri daga gida fa?

Ummu Sadik: Mai digirin farko ba ya samun Pell, ko a ina ya yi shi.

Na Bakin Teku: Wato digirin nawa bai isa ya samo min aiki ba, amma ya isa ya hana ni tallafi.

Baban Yara: Kai har ka samu takardunka aka duba. Ni wata tara ina jiran makarantarmu ta gida ta turo sakamakona. Ƙanena ya je sau biyar, yau babu wuta, gobe mai sa hannu ya yi tafiya.

Ɗan Zongo: Ka ba da na goro kuwa?

Baban Yara: Sau biyu.

Maman Hanifa: Innalillahi. Ni ma ban nemi tawa takardar diflomar ba tukuna. Dole sai makarantar ce za ta turo da kanta, ko wadda ke hannuna ta isa? Kuma maganar Janairun fa?