Neman shawara: tsuntsayen da ke sauka a bayan gidana a Leeds

Mai neman shawara, Leeds:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekararmu biyu ke nan a birnin Leeds na Ingila, maigida yana aikin dare, ni kuwa tun da Disamba ta kama rana take faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, a gaban tagar kicin nake wuni. A makarantar ɗana mai shekara 7 aka ce su shiga ƙidayar tsuntsaye da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, take shiryawa a ƙarshen Janairu, inda ake zama awa guda ana lissafa abin da ya sauka a lambu. Saboda shi na sayi mazubi na ratayewa, na zuba geron da surukata ta aiko mana, wanda da kunu na yi niyyar yi da shi, har sai da muka ɗan yi sa-in-sa da maigida. Mako uku ke nan ba abin da yake zuwa sai manyan tattabarun daji masu farin tabo a wuya, da kurege. A filin bayan katangarmu kuma akwai garken wasu tsuntsaye masu ruwan ƙasa, sun fi talatin, ban san irinsu ba. Jiya wani ɗan tsuntsu kore-kore ya wuni a ƙarƙashin mazubin ya kumbura gashi, ko da na matso bai tashi ba. Ga maƙwabciyata ta fara zancen ɓeraye. Yaya zan yi?

Malam, Sheffield:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Shekarata goma sha huɗu ina wannan harka, saboda haka ki saurara. Na filin nan fieldfare ne, babu tantama. Daga ƙasashen Sikandinabiya suke zuwa tun Oktoba, kansu ruwan toka, bayansu ja-ja, kukansu kamar ana cewa cak-cak. Ba za su taɓa hawa mazubinki ba, 'ya'yan itace da tsutsa suke nema, sai dai ki yanka tuffa ki ajiye a ƙasa ranar da ƙanƙara ta rufe filin. Amma wanda ya kumbura gashi shi ne babbar magana. Greenfinch ne, kuma alamar ciwon maƙogwaro ce da ake kira tirikomonosis, wanda ya rage yawansu har aka sa su cikin jerin tsuntsayen da ake fargabar ƙarewarsu a Birtaniya a 2021. Ta yawu a kan hatsi da ruwan sha yake yaɗuwa. Ki sauke mazubin yau, ki wanke, kada ki mayar sai bayan mako biyu zuwa huɗu.

Hajiya, Bradford:
'Yata, ni dai ban ga dalilin janye wa tsuntsu abinci a tsakiyar hunturu ba, ai sadaka ce, kuma duk tsuntsu yana kumbura gashi idan sanyi ya yi tsanani. Gero ne matsalarki. Ƙananan nan masu shuɗin kai da rawayan ciki ɓararrun 'ya'yan sanfulawa suke so, da dunƙulen kitse, sai dai ki karanta jikin ledar, domin wani da kitsen alade ake haɗawa. Zancen ɓeraye kuwa kada ki raina shi. Ni haka maƙwabcina ya kai ƙarata wajen mai gidan haya bara, alhali kwandon shararsa ne a buɗe kullum, kuma har yau ko gaisuwa ba ya amsawa.

Wani ɗan'uwa, Hadeja:
Ikon Allah. Mu nan jan-baki muke kora daga gonar shinkafa da gwangwani tun asuba, ku kuma kuna saya wa tsuntsu abinci da fam. Amma dai baƙinku suna wajenmu yanzu, domin a irin wannan lokaci agwagin ruwa da sauran tsuntsayen Turai suke cika fadamun Hadeja da Nguru, sai zafi ya fara su koma.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai. Amma Malam, ban ce kansu ruwan toka ba ne. Da safen nan na duba, wasu suna da farin layi a saman ido. Gero kuma ba a banza na zuba ba, a gida da shi muke ciyar da kanari da kurciya. Sauke mazubin zai yi wuya, saura kwana tara ƙidayar, yaron kuma kullum da zancen yake kwana.

Wata 'yar'uwa, Manchester:
Yaya, farin layi a saman ido ai redwing ke nan, ya fi fieldfare ƙanƙanta, kuma idan ya tashi za ki ga ja a ƙarƙashin fiffikensa. Ki sauke manhajar Merlin a waya, tana gane tsuntsu ta kukansa, ki huta da gardama.

Malam, Sheffield:
Ai garke ɗaya sukan yi kiwo, don haka maganata tana nan. Manhaja kuwa takan yi kuskure, ido shi ne shaida. Hajiya, da girmanki, tsuntsu mai lafiya ba ya tsayawa mutum ya matso shi. Ƙanwata, ƙidayar nan tun 1979 ake yin ta, kuma ko tsuntsu ɗaya ba ki gani ba ana son ki aika da sakamakon haka nan. Ba adadin zuwansu ake tarawa ba, mafi yawan da kika gani a lokaci guda ake rubutawa. Shin akwai jiƙa ko ɓurɓushin hatsi a manne a bakin wanda ya kumbura gashin?

Hajiya, Bradford:
Malam, ni shekarata ashirin a ƙasar nan, ban taɓa sauke nawa ba, wankewa kawai nake yi duk Juma'a.

Mai neman shawara:
Ban lura da bakinsa ba, kuma yau bai zo ba, wataƙila sanyi ne kamar yadda Hajiya ta ce. Na wanke mazubin da ruwan zafi na mayar, geron kuma zan ƙarasa shi tukuna kafin in sayi wani abu. Kuregen fa, babu wanda ya ce komai a kansa, ga shi ya fara gaigayar murfin.