Neman shawara: matan da nake bincike a kansu sun ƙi yarda da ni

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, bincikena kan mata masu shan kodin da ƙwayoyi ne a cikin Gusau. Na buga takardun tambayoyi 150, na yi mako uku ina zaga Tudun Wada da Sabon Gari, shida kacal suka dawo. Wata baiwar Allah ta tarbe ni hannu bibbiyu, har da ruwan sanyi, amma tana ganin biro da fayil sai ta gyara mayafi ta ce ita ko maganin tari ba ta sha. Ina bakin zaure na ji tana tambayar yarinyar da ta rako ni ko daga NDLEA nake. Abin na ci mini rai, don ƙawata ta ƙuruciya a haka rayuwarta ta salwanta. Yaya zan yi?

Wani malamin jami'a, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Rabon takarda gida-gida ba ya kama wanda ke ɓoye kansa. Ki nemi mata huɗu ko biyar da suka amince da ke, kowacce ta haɗa ki da wadda ta sani. Wani masani a Amurka, Douglas Heckathorn, ya inganta wannan hanya a 1997: ana ba kowacce katin gayyata uku masu lamba, ana tambayar ta mutum nawa irinta ta sani, don a gyara lissafi daga baya. Binciken 2018 na UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, ɗaya cikin huɗu mace ce, kuma masu binciken ma ba su tsaya ga bin gidaje kaɗai ba. Sai dai ki kula, matan farko kada su fito daga rukuni ɗaya. In duk ƙawayen amarya ɗaya ne, labarin unguwa ɗaya za ki kwaso. In kuma sarƙar wannan ta kawo waccan ba ta yi tsawo ba, kada ki rubuta cewa kashi kaza na matan Gusau na sha.

Wani ɗan'uwa, Ƙauran Namoda:
Ki bi ta hannun mai unguwa mana, ya tara miki su.

Wata ma'aikaciyar jinya, Talatar Mafara:
Haba Malam, ka rufa musu asiri! Matar da mijinta bai sani ba, ranar da mai unguwa ya aika kiranta ai aurenta ya mutu. A gaishe shi, a sanar da shi ana bincike kan lafiyar mata, iyakarta ke nan.

Ɗiyata, ki bar fayil ɗin a gida. Ki je wurin mai kitso da mai lalle, ki zauna a yi miki, ki koma, ki sake komawa. Tun da gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 abin ya koma ƙarƙashin gado, tsoro ya ƙaru. Kada ki fara da "kina sha?". Tambaye ta barcinta, tambaye ta abin da ke damun ta. Wata sai ta yi kuka kafin ta kai ga maganar kwalba. Kada ki sa su sa hannu ko dangwale, ki nemi kwamitin ɗa'ar bincike ya amince miki da izinin baki. Suna kuwa kada ya shiga littafinki ko wayarki, lamba kawai. Ranar da aka fizge wayar fa?

Wata 'yar'uwa, Gusau:
Kuɗin mota ki ba su daidai wa daida. In ya yi yawa, wadda ba ta taɓa sha ba za ta zo ta tsara miki labari. Kuma ki tanadi inda za ki tura wadda ta ce tana son dainawa, don wallahi za a samu.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Anti, maganar wayar ta tsorata ni, yanzun nan na goge sunaye shidan. Gobe zan kai wa malamina gyaran tsarin, Asabar kuma ina da kitso a Tudun Wada.