Baba na son ganin ƙauye, ina zan kai shi?

Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Baba zai zo Prag, babban birnin ƙasar Czech, bikin kammala karatuna, ya ce shi birni ya ishe shi, ƙauyen manoma yake so ya gani. Ina zan kai shi a yini guda?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Holašovice, ƙanwata. Kudancin Bohemiya, kusan kilomita 15 yamma da České Budějovice.

Baban Yusra: Wurin ya cancanci zuwa, amma don Allah kada ki bi kamfanonin yawon buɗe ido. Mu wani kamfani ya karɓi kuɗinmu da sunan zai kai mu garin Český Krumlov da Holašovice, aka cinye yinin a Krumlov, muka isa ƙauyen rana ta kusa faɗuwa. Ko zagaye filin tsakiyar gari ba mu gama ba direba ya fara danna ham. Har yau abin na ci mini rai, domin wuri ne na tafiya a hankali. Gidajen gona 23 ne suka kewaye dogon fili, mita 210 a tsaye, 70 a kwance, da ɗan tafki a ciki da maƙera da ƙaramar majami'a ta 1755. Kowane gida da ƙatuwar ƙofa mai baka ta shigar keken doki, ga rumbun hatsi a gefe, goshin ginin an yi masa ado da farar ƙasa, wasu an rubuta shekarar gini a jiki. A ƙofar gidajen akwai famfunan ruwa na katako masu dogon hannu. Mahaifinki in manomi ne, a nan zai tsaya ya ƙi tafiya. Ki hau jirgin ƙasa zuwa Budějovice, wajen awa biyu, sai bas. Ki duba jadawalin dawowa tun kafin ki fita, Asabar da Lahadi bas ɗin ba yawa.

Anti Rabi: Kuma gidajen mutane ne, suna ciki. Kada a leƙa tsakar gida ba izini.

Habu Ostrava: Ni dai Krumlov zan ce. Ga fada ga kogi.

Anti Rabi: Habu, ƙauye aka ce maka.

Malam Sani: Ummi, ki ba Baba tarihin a hanya. A 1292 Sarki Václav na biyu ya ba da Holašovice ga gidan sufayen Kirista na Vyšší Brod. Annoba ta faɗa masa tsakanin 1520 da 1525, mutum biyu kacal suka rage, sai sufayen suka kawo manoma daga Bavariya da Ostiriya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kori masu jin Jamusanci, gidaje da yawa suka zama kango. UNESCO ta sa shi cikin jerinta na wuraren tarihi na duniya a 1998.

Maman Hanif: Inna lillahi. Mutum biyu a gari guda!

Dokta Bashir: In tarihi ake so, ƙauyen Lidice ta fi kusa da Prag. 'Yan Nazi na Jamus suka ƙone ta ƙurmus a watan Yunin 1942. Akwai mutum-mutumin tagulla na yaran ƙauyen 82 da aka kashe.

Anti Rabi: Dokta, mutum ya zo murnar 'yarsa, a kai shi wurin kuka?

Dokta Bashir: Ni dai na ga ya kamata kowa ya je, Hajiya. Ko ba ranar ba.

Ummi: Na gode ƙwarai. Abinci fa, Malam?

Malam Sani: Ki yi guzuri daga gida, naman alade ya yi yawa a girkinsu. In kin ga kifi, kapr suke ce masa, yankin ya yi suna wajen kiwonsa a tafkuna.

Habu Ostrava: Wannan kifin mai ƙarnin taɓo da ƙaya?

Maman Hanif: Ba ka samu wanda ya iya ba ne. A jiƙa shi da lemon tsami da citta, a sa yaji, a soya ya bushe.

Habu Ostrava: To Maman Hanif, yajin a ina kike saye? Nawa ya ƙare tun azumi.