Haɗin gwiwar jami'a da al'umma: a asusun wa kuɗin tallafin zai shiga?

Shugabar wata ƙungiyar iyaye:

Assalamu alaikum. Wasu malaman jami'a sun zo mana da maganar mu haɗa kai a nemi tallafi kan yaran da ke barin makaranta tun kafin su gama firamare. Su za su rubuta takardar neman, mu kuma ana so mu ba da wasiƙar amincewa da hatimin ƙungiya, wai lokaci ya ƙure. Kan kwamitinmu ya rabu, wasu na cewa alheri ne ya zo har gida, wasu na cewa a bi a hankali. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan aiki, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Ma'ajiyar ƙungiyar sa-kai:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ki buga hatimi, ki ce a nuna miki kasafin kuɗin gaba ɗayansa. Mu namu aikin kan lafiyar mata masu juna biyu ne. A takarda an kira mu abokan aiki, amma kuɗin duka asusun jami'a ya shiga, tsarin kuwa shi ne ku kashe naku, ku kawo rasit, a mayar muku. Ƙungiyar da ke tafiya da karo-karon mambobi ina za ta samo abin kashewa? Sai rance muka yi. Na riƙa liƙa rasit a farar takarda ɗaya bayan ɗaya ina sa lamba a gefe, in kai ofishin kuɗi, a dawo mini da fayil ɗin saboda wani rasit ya koɗe ko wani sa hannu bai fito ba. Matan da suka bi gida-gida suna cike fom ba su san wani ofishin kuɗi ba, ni suka sani, ƙofata suke bugawa. Kuɗin ya fito daga baya, ban ce an ci mana komai ba. Amma matan da suka fi kowa ƙwazo sun ja jiki, har yau in na kira taro ba na ganinsu.

Malamin jami'a:

Abin da Malama ta faɗa gaskiya ne, kuma mu ma daga ciki yana ci mana tuwo a ƙwarya. Akwai abin da ya kamata ku sani. A yawancin irin wannan tallafi akwai kason da ake kira kuɗin gudanarwa, na wuta da haya da albashin akanta da makamantansu. Jami'a ba ta mantawa da nata kason, ƙananan ƙungiyoyi kuwa galibi ba su ma san suna iya neman nasu ba. Gidauniyar Gates tana amincewa da har kashi 15 cikin 100 ga ƙungiyoyi masu zaman kansu. Gidauniyar Ford ta ɗaga nata zuwa kashi 20 a 2016, bayan ta yarda cewa abin da take bayarwa a da ba ya ɗaukar nauyin aikin. Gwamnatin Amurka ma ta ɗaga kason da ƙungiya ke iya ɗauka ba tare da doguwar tattaunawa ba daga kashi 10 zuwa 15 a Oktoban 2024. Saboda haka in kun nema, ba roƙo kuke yi ba.

Shawarata, Hajiya, ku nemi a rubuta muku yarjejeniyar kuɗi taku daban a ƙarƙashin babbar, mai ɗauke da adadin kasonku, da cewa za a riƙa turo kuɗi a gaba, zango-zango, ku yi bayanin na farko a saki na biyu. Na ga an yi haka, kuma ya yi aiki. Sannan ku gane halin da malamin yake ciki: ƙarin girmansa ya rataya ne ga maƙalar da ya wallafa a mujalla, ba a tambayarsa yara nawa suka koma aji. Ko mai kyakkyawar niyya, in ba a rubuta abu ba, tsarin zai ja shi wajen maƙala.

Tsohuwar mai tattara bayanai:

Ni ba kuɗin ne ya dame ni ba, bayanan ne. Ina ɗaliba na zauna a ɗakunan mutane da na'urar naɗar murya, suka faɗa mini abin da ba su faɗa wa makwabtansu ba: bashi, rashin lafiya, dalilin cire yarinya daga makaranta. Da aka gama, rahoton ya fita da Turanci, ya tafi wajen mai ba da tallafi. Na koma unguwar da wani aikin, wata dattijuwa ta dubi jakata ta tambaye ni ina amsar wancan karon. Ban sami abin ce mata ba.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. Ƙabilar Havasupai a jihar Arizona ta Amurka sun ba da jininsu a farkon shekarun 1990 don binciken ciwon sukari, daga baya suka gano an yi amfani da shi wajen binciken taɓin hankali da asalin ƙabilarsu. Sai a 2010 aka sasanta, aka biya dala 700,000, aka mayar musu da jinin. Mutanen San na Afirka ta Kudu kuwa a 2017 suka fitar da ƙa'idarsu da duk mai son yin bincike a kansu zai bi. Ku sa a rubuce cewa za a dawo a karanta wa jama'a sakamako da harshensu kafin a wallafa, kuma ƙungiya za ta riƙe kwafin bayanan bayan an cire sunaye.

Dattijo a kwamitin unguwa:

Kada ku tsorata ta da yawa, 'ya'yana. Ni na ga wanda ya yi kyau. Malamar da ta zo mana ta zo ne da tunanin mutane ba sa zuwa asibiti don rashin wayewa, har ta tsara taron faɗakarwa. Muka zaunar da ita muka ce lokacin da ake buɗe wurin kowa yana wajen nema, lokacin da ake dawowa an rufe. Ta saurara, ta yage shafin, muka sake rubuta tambayar binciken tare. Abin da ya taimaka shi ne mun shiga tun ba a aika takardar ba, kuma a kwamitin aikin mu muka fi yawa, ba a sauya layi ɗaya a kasafi sai da ƙuri'armu. Ita ce ta gaya mana wata Ba'amurkiya, Sherry Arnstein, ta kasa shigar jama'a cikin aiki zuwa matakai 8 tun 1969, daga yaudara har zuwa riƙe ragama, kuma jin ra'ayi kawai a tsakiya ya tsaya. Mu ma fa sai da muka gyara littafin kuɗinmu, muka buɗe asusu mai sa hannun mutum biyu. Jami'a ma ana binciken kuɗinta, ba za ta tura wa wanda ba shi da littafi ba.

Jami'in ayyuka:

Ƙari ɗaya. Ku tambayi abin da zai faru in aka yanke tallafin ana tsaka da aiki. A 2021 Birtaniya ta rage kuɗin agajinta daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin 100 na jimillar kuɗin da tattalin arzikin ƙasar ke samarwa, ayyukan haɗin gwiwa da dama suka girgiza. Namu na ciki. Malaman sun ci gaba da karɓar albashinsu, ma'aikatanmu na wucin gadi kuwa da wasiƙa ɗaya aka sallame su. A rubuta wa'adin sanarwa, da biyan aikin da aka riga aka yi.

Shugabar ƙungiyar iyaye:

Allah ya saka da alheri. Baba, na karanta wa kwamiti naka da murya, ya kwantar da hankalin mutane. Mun tsaya kan ba za mu ba da wasiƙa ba sai mun ga kasafi mun kuma zauna kan tambayar, ko da wannan zagayen zai wuce mu. Malam, maganar yarjejeniyar daban, wa za mu tunkara, shi malamin ko hukumar jami'a?

Malamin jami'a:

Ku fara da malamin, amma ku ce ya haɗa ku da ofishin da ke kula da tallafin bincike, domin su ke sa hannu a madadin jami'a, alƙawarinsa na baki ba ya ɗaure su. Ku tafi da ma'ajinku da takardar rajistar ƙungiya, Hajiya, za su tambaya.